Wutar da Ba Ta da Mita

Ƙarfe bakwai nake tsallake Ƙofar Nasarawa,
'yan adaidaita na rububin fasinja,
ni kuwa ƙeyoyin mutane nake kallo.
Aikina ne ya mayar da ni haka:
duk hular da na gani, na san hadari ne a ƙarƙashinta,
ana ta walƙiya, ba a jin tsawa.

Ɗakina na can ƙarshen baranda,
gado ɗaya, labule mai kauri, na'ura, kwalbar man liƙi.
Yau Lawandi aka turo min, mai haɗa wuta daga Kurna,
sabon tabo a haɓa, harshe a cije.
Faɗuwa ta uku ke nan, ta ukun daga kan tsani.
Maigidansa ya karɓe filaya, ya ce, je ka nemi magani.

Na auna kansa da tef kamar tela,
daga karan hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne,
na ɗiga alama, na goge, na manna,
waya ashirin da ɗaya.
Ya bi su da ido har gindin bango.
"Likita, ba dai ja za ta yi ba?"
Na ce, ba wuta zan ba ka ba,
taka zan saurara.

"Rufe ido."
Sai layukan suka kwanta,
goma-goma a daƙiƙa, kamar kunyoyi bayan huɗa.
"Buɗe."
Suka watse kamar kaji sun ga shaho.
Shekara sha tara ina ganin haka,
har yau sai na ce tubarkalla a zuci.

Muna minti na sha huɗu aka ɗauke wuta.
Fanka ta ja ƙafa ta tsaya,
wani ya ja tsaki a baranda,
batir ya riƙe na'ura,
layukan Lawandi ba su ko san an yi ba.
A duhun nan ta fito,
ta hagu, sama da kunne kaɗan:
tsini ɗaya kamar ƙayar aduwa, tudu na biye da shi.
Ta sake.
Ta kuma sakewa.
Na ce, na gan ki.

Na juya masa allon. Ya daɗe yana kallo.
"Ai wannan waya ce ta goge, ta taɓa 'yar'uwarta."
Na ci littattafai har idona ya nemi gilashi,
ban taɓa jin wanda ya faɗe ta daidai haka ba.
"To wutar kan nawa za ta kunna ƙwai?"
Na ce, abin da ke iso min ko tocila ba zai tayar ba,
amma da ita kake gane tarin mahaifiyarka a cikin taro.

Ban ba shi labarin Yaya Tasalla ba.
Ina shekara tara ta faɗi a bakin murhu, a gidanmu na Gwammaja.
Aka ce kada a taɓa, yawun na kamawa.
Wani ya riƙe ni ta wuyan riga,
zaninta kuma ya kama.
Kwana shida ta yi.
Har gobe ba na son ƙaurin tsumma.

Na rubuta masa ƙwaya, safe da dare, ba fashi,
tsani kuma a yi haƙuri tukuna.
Ka faɗa wa mai ɗakinka, in ta zo,
a kwantar da kai ta gefe, a janye abin wuta,
kada a cusa cokali a baki,
yawu kuwa yawu ne, ba ya kama kowa.
Na sa ya maimaita sau biyu.

Ya sa hula a kan man da bai gama gogewa ba,
ya kai bakin ƙofa, ya dawo, ya sunkuya.
"Likita, soket ɗin nan naka ya fara baƙi.
Ranar Talata in na dawo, zan taho da sukudireba."

Na wanke wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na rataye.
Aka dawo da wuta.
Na leƙa baranda na kira mai bi masa.